Wasan da Ba Shi da Agogo

(An kwafo wannan daga faifan laccar da wata likitar yara ta gabatar a daren jajibirin gasar tanis da ake shiryawa don tunawa da wani yaro da ciwon suga ya yi ajalinsa. Kuɗin da gasar ke tarawa na binciken ciwon suga na yara ne. An rage maimaici da gyaran murya, sauran kuwa yadda ta faɗa ne.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Baban marigayi, Maman marigayi, ina ƙara yi muku ta'aziyya, domin rashin ɗa ba ya tsufa. Allah ya jiƙansa, ya ƙara muku haƙuri. 'Yan kwamiti, alƙalan wasa, 'yan wasa manya da ƙanana, sannunku da zuwa. Ba zan ba da labarin rasuwarsa ba. Wannan na iyayensa ne, su suka san abin da za su faɗa da abin da za su riƙe a zuci. Ni abin da na sani shi ne yana son tanis, kuma saboda shi ne gobe za a ɗaura raga.

Ɗazu a bakin ƙofa wani matashi cikin 'yan wasa ya tare ni, ya ce, "Likita, tsakani da Allah, wannan kuɗin da muke tarawa zai kawo maganin ciwon nan?" Na ce masa ya shigo ya zauna, amsarsa ba ta tsaye ba ce. To ga shi can na hango shi. Amsar a taƙaice ita ce a'a, kuɗin gobe ba zai kawo magani ba. Amma kada ka mayar da raket ɗinka cikin jaka tukuna, ka bari in gama.

Mu fara da sunan, domin sunan kansa yana yi mana ɓarna. Idan aka ce ciwon suga, hankalin mutane yana tafiya kan dattijo mai jiki wanda likita ya ce ya rage zaƙi ya riƙa tattaki. Wannan nau'i na biyu ne, kuma shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon a duniya. Wanda ya tara mu yau nau'i na ɗaya ne, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas. A cikinta akwai 'yan tarin ƙwayoyin halitta a warwatse kamar tsibirai, waɗanda wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, ya fara bayyanawa a 1869. A cikin tsibiran nan ake yin insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran jiki. A nau'i na ɗaya, garkuwar jikin yaro ce da kanta take juyowa ta far wa ƙwayoyin da ke yin insulin, tana cin su a hankali, wata da watanni ko shekaru, ba tare da kowa ya sani ba. Ranar da suka kusa ƙarewa, sai ka ga suga ya cika jini maƙil amma jiki ba ya iya taɓa shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ina so iyaye su ji wannan da kyau. Ba alewa ba ce ta jawo shi. Ba sakacin uwa ba ne. Mun saba cewa rigakafi ya fi magani, kuma gaskiya ne a wurare da yawa, amma a nan har yau babu wani abinci ko motsa jiki da aka tabbatar yana hana shi. Na sha zama da uwa tana kuka tana lissafa abin da ta ba ɗanta tun daga yaye, tana neman inda ta yi kuskure. Babu kuskuren. Kuma duk wanda ya je duba yaro ya tambayi uwarsa "me kike ba shi haka?", to ya san ya ƙara mata ciwo a kan ciwo.

Jiki idan ya rasa hanyar cin suga, sai ya koma ƙona kitse. Ƙona kitse da yawa yana haifar da wani sinadari da ake kira kiton, shi kuma yana mayar da jini ya yi tsami. Kafin a kai can akwai alamu guda 4, kuma idan kun manta duk abin da na faɗa a daren nan, ku tafi da su: yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, gajiya, da rama. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, wannan ba abin duka ba ne, abin gwaji ne. Idan aka wuce nan sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa yana wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, daga nan sai suma. Na taɓa karɓar yarinya da aka yi kwanaki ana yi mata maganin ciwon ciki, wani ma ya ce cutar mafitsara ce. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, abu ɗaya ne ba a yi ba: a soki yatsa a ɗiga jini a kan 'yar na'ura. Aikin da bai kai minti 1 ba. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma da ƙyar.

Wani nazari da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2021 akwai mutum miliyan 8.4 masu nau'i na ɗaya a duniya, miliyan 1.5 daga cikinsu 'yan ƙasa da shekara 20. Kuma ya ƙiyasta cewa a wannan shekarar kaɗai kimanin mutum 35,000 sun mutu ba a ma gano abin da ke damunsu ba. An binne su da sunan wata cuta daban.

Abin da ya sa nake nanata alamun nan shi ne an gwada an gani. A lardin Parma na Italiya, cikin shekarun 1990, likitocin yara suka manna fastoci a makarantu da ɗakunan duba yara, suna jan hankali kan fitsarin kwance da ƙishirwa, suka raba wa likitocin unguwa na'urar gwaji. Yaran da ake kawowa jininsu ya riga ya yi tsami suka ragu daga kashi 78 cikin 100 zuwa 12.5. Takarda da gam suka yi wannan aikin. Shi ya sa na roƙi kwamiti a buga alamun 4 a bayan kowace riga da za a raba gobe, kuma na gode da suka yarda, duk da na ji an ɗan yi gardama da masu ɗaukar nauyi kan inda tambarinsu zai zauna.

Yanzu bari in koma baya shekara 100 da 'yan kai, domin a can ne amsar matashin nan take.

Kafin 1922, idan aka ce yaro yana da wannan ciwo, an yanke masa hukunci ke nan. Shekara 1, da wuya 2. Abin da likitoci mafi ƙwarewa a Amurka suke da shi a lokacin shi ne horon yunwa, wanda Dokta Frederick Allen ya yi suna da shi: a rage wa yaro abinci har ya zama ƙashi da fata, don a ja masa rai na wasu watanni. An san inda matsalar take. Tun 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas suka ga ya kamu da ciwon suga. Amma shekara 30 aka yi ana neman yadda za a tatso sinadarin a ba mutum lafiya, abin ya faskara.

Sai ga wani matashin likitan tiyata a Kanada, Frederick Banting, wanda ya buɗe wurin duba marasa lafiya amma marasa lafiyan ba sa zuwa. A daren 31 ga Oktoba 1920 yana shirin darasin da zai koyar, wata dabara ta faɗo masa, ya tashi ya rubuta ta. Ya kai wa Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto. Macleod bai gamsu sosai ba, amma ya ba shi aron ɗakin gwaji na 'yan makonni lokacin hutu, da karnuka 10, da ɗalibi ya taya shi. Ɗalibai biyu ne, kuma yadda labarin ya zo, kwabo suka jefa don a san wanda zai fara, ya faɗo wa Charles Best. Ku 'yan tanis kun san wannan, da jefa kwabo kuke fara kowane wasa. Suka fara a watan Mayu 1921, ba albashi ga Banting, ɗaki mai zafi, karnuka suna mutuwa a hannunsu. Daga baya masanin sinadarai James Collip ya shigo ya tace ruwan har ya dace da jikin mutum.

Ranar 11 ga Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko a babban asibitin Toronto. Ba ta yi wani tasiri ba, wurin ma ya kumbura. Ranar 23 ga wata aka sake da wanda Collip ya tace, sugansa ya sauka, yaron ya farfaɗo. Ya ƙara shekara 13 a duniya. Akwai kuma Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. Mahaifinta yana da mulki da dukiya, amma abin da suka iya saya mata shi ne horon yunwa. Da aka kai ta Toronto a watan Agusta 1922 tana dab da cika shekara 15, nauyinta wajen kilo 20 ne. Ku dubi ɗanku ɗan shekara 6, wannan nauyin ne. Ta sami insulin, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya 3, ba ta rasu ba sai 1981.

A 1923 aka ba Banting da Macleod lambar Nobel. Banting ya fusata da aka bar Best, ya raba kuɗinsa da shi, Macleod ya raba nasa da Collip. Masu binciken ba mala'iku ba ne, sun yi rigima mai zafi a junansu. Amma haƙƙin mallakar maganin, Banting da Best da Collip sun miƙa wa jami'a a kan dala 1 kowannensu. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce yau Ranar Ciwon Suga ta Duniya.

To me nake so ku gani? Abin da ya ceci miliyoyin yara ya fara ne da aron ɗaki da karnuka 10. Babu gwamnati ko kamfanin da zai zuba dukiya a kan dabarar likitan da ba a san shi ba. Sai wani ya fara ba shi ɗan abin da zai gwada, idan ya fito da sakamako, sannan manyan kuɗi su biyo baya. Har gobe haka bincike yake tafiya. Manyan gwaje-gwaje sai aljihun gwamnati. Misali wanda aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441, wanda ya tabbatar cewa riƙe suga kusa da daidai yana rage haɗarin lalacewar ido da kashi 76 cikin 100, ya kuma kare ƙoda da jijiyoyi. Irin wannan ba gasar tanis ce za ta biya ba, ko da shekara 100 za ku yi kuna bugawa. Amma albashin ƙaramar mai bincike na shekara 1, ko firjin ajiye samfurin jini, ko gwajin farko da zai ba ta hujjar neman babban tallafi, wannan kam daidai ƙarfinku ne. Da yayyafi kogi kan cika, amma sai in yayyafin ya san kwarin da zai bi.

Kuma iyaye ne suka fara wannan hanya, ba likitoci ba. A 1970 wasu iyayen yara masu ciwon a Amurka suka kafa gidauniyar da aka daɗe ana kira JDRF, wadda ta koma Breakthrough T1D a 2024. Da liyafa da tattaki da wasanni irin naku suka fara. Yau tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin binciken nau'i na ɗaya a duniya.

Ina aka kwana yanzu? Zan faɗa muku abu 3 ba tare da ƙarin gishiri ba.

Na farko na'ura. Akwai 'yar na'urar da ake mannawa a hannu ko ciki, tana auna suga duk bayan 'yan mintuna dare da rana. Akwai ɗan famfo da ke ɗiga insulin ta ƙarƙashin fata. Abin da aka daɗe ana nema shi ne su biyun su riƙa magana da juna ba sai mutum ya shiga tsakani ba. Gidauniyar can ta ƙaddamar da shiri a kan haka a 2006, kuma a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta ta farko. Ba waraka ba ce, yaro yana nan da ciwonsa, kuma sai ya gaya wa na'urar abin da zai ci. Amma ku tambayi uwar da ta shekara tana tashi ƙarfe 2 na dare tana sokin yatsan ɗanta yana barci, ku ji abin da barci cikakke yake nufi a wurinta.

Na biyu jinkirtawa. Yanzu mun san ana iya ganin alamar harin garkuwar jiki a cikin jini shekaru kafin yaro ya fara ƙishirwa. A jihar Bavaria ta Jamus tun 2015 ake gwada ƙananan yara, Italiya kuma ta kafa dokar gwajin yara a faɗin ƙasa a 2023. A watan Nuwamba 2022 aka amince a Amurka da wani magani, teplizumab, da ake ƙarawa ta jijiya kwana 14 a jere, wanda ke jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara 2. Wani zai ce shekara 2 kawai? Shekara 2 ba allura a rayuwar ɗan shekara 9 ba kawai ba ce. Amma ku lura da wannan: an buga sakamakon gwajinsa na farko a kan mutane tun 2002. Shekara 20 ke nan tsakanin "da alama yana aiki" da "ga shi a asibiti", kuma a tsakani an taɓa jingine shi saboda wani babban gwaji bai ba da abin da ake so ba.

Na uku maye gurbin ƙwayoyin da suka mutu. A shekarar 2000 likitoci a Edmonton ta Kanada, ƙarƙashin James Shapiro, suka dasa wa mutum 7 tsibiran da aka ciro daga mamata, dukkansu suka daina allura na wani lokaci. Matsala biyu: masu bayarwa ba su da yawa, kuma sai mutum ya dawwama a kan maganin danne garkuwar jiki. Sai wani masani a Harvard, Douglas Melton, wanda da kwaɗi yake bincikensa, aka gano ciwon a jikin ɗansa yana ɗan wata 6. Ya juya akalar aikinsa gaba ɗaya. Ya shafe fiye da shekara 20, a 2014 ɗakin gwajinsa ya nuna yadda za a rena ƙwayoyin asali, wato waɗanda ba su riga sun zama na wata gaɓa ba, su zama masu yin insulin. A 2025 aka buga sakamakon gwajin wannan hanya: cikin manya 12 da aka ba cikakken magani, 10 sun daina allurar insulin bayan shekara 1. Wannan babban labari ne, ni kaina da na karanta sai da na ajiye takardar na yi shiru. Amma manya ne, 12 ne, kuma suna shan maganin danne garkuwa, wanda ba za mu ɗora wa yaro mai shekara 7 haka kawai ba.

Akwai wata magana da iyalan masu wannan ciwo suka gaji da ji: "nan da shekara 5 za a sami magani." An faɗa wa waɗanda yanzu suke da jikoki. Ina roƙon kwamiti, kada ku rubuta irin wannan a takardar neman taimako. Tanis ya koya muku abin da ya fi haka. A ƙwallon ƙafa alƙali yana duba agogo, minti 90 ya cika a tashi. A tanis babu agogo. A Wimbledon ta 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun yi awa 11 da minti 5 cikin kwana 3, zagayen ƙarshe ya tashi 70 da 68. Ba wanda ya san yaushe za a gama, maki na gaba kawai ake bugawa. Binciken nan haka yake, kuma yaron da ke da ciwon ma haka yake rayuwa, ba hutun rabin lokaci, ba ranar da zai ce yau na huta.

Tunda na shigo fili, bari in ce wa yaranmu masu ciwon da za su buga gobe wani abu, don na ga kusan layi guda nasu ne. Akwai wani Ba'amurke, Bill Talbert, da aka haifa a 1918. Yana ɗan shekara 10 aka gano ciwon, insulin bai fi shekara 7 da fitowa ba, kuma shawarar lokacin ita ce yaro ya zauna wuri ɗaya kada ya wahalar da kansa. Ya ɗauki raket. Ya ci manyan kofuna 9 a wasan 'yan bibbiyu, ya kai wasan ƙarshe na ɗai-ɗai a gasar Amurka a 1944 da 1945, ya zama kyaftin ɗin ƙasarsa a gasar kofin Davis, ya rayu har 1999. A zamaninsa ba na'urar sokin yatsa, da fitsari ake gwaji, sirinji na gilashi ne ana tafasa shi. Bayansa Ham Richardson, wanda aka gano nasa yana shekara 15, ya zama na ɗaya a Amurka a 1956 da 1958. A zamaninku kuma ga Alexander Zverev na Jamus, wanda ke da ciwon tun yana wajen shekara 4, ya ci zinare a wasannin Olamfik na Tokyo. Ya daɗe yana ɓoyewa, sai a 2022 ya fito ya faɗa, ya kafa gidauniya. A gasar Faransa ta 2023 ya koka cewa an hana shi yin allura a kujerarsa ta gefen fili, sai dai ya fita. Da magana ta yi yawa aka janye. Ku duba, ɗan wasan da duniya ta sani ke nan. To ina ga yarinyar da ke ɓuya a banɗakin makaranta don kada a ga sirinjinta?

Yanzu maganar kuɗi, wadda ba a so a yi a gaban masu makoki, amma dole a yi ta, kuma Baban marigayi da kansa ya ce in yi. Gasa irin wannan tana samun kuɗi daga rajistar 'yan wasa, da masu ɗaukar nauyi, da gwanjon kaya, da alƙawarin da mutane ke yi a kan kowane wasa da aka ci. Tana kuma kashewa: hayar fili, ƙwallaye, kofuna, riguna, abin sha. Na ga taron taimako da aka yi shagali aka watse, da aka zauna lissafi abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba sata aka yi ba, ado ne ya cinye. Don haka ku buga lissafi kowa ya gani: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da aka miƙa, ga wanda aka miƙa wa. Kuma kada ku zaɓi mai bincike don ya iya magana ko don wani ya san shi. Ku bi ta asusun da ke da kwamitin masana masu zaman kansu da ke tantance buƙatu. Bayan shekara ku nemi rahoto cikin harshen da kowa zai gane. Idan rahoton ya ce gwajin bai yi nasara ba, kada ku ce an yi asara. Yawancin gwaje-gwaje ba sa yi, kuma sanin hanyar da ba ta ɓullewa yana hana wasu 10 ɓata shekaru a cikinta.

Akwai wata tambaya da na san tana ran wasunku, domin tana raina. Nazarin nan na 2022 ya ƙiyasta cewa yaro ɗan shekara 10 da aka gano ciwonsa a ƙasa mai arziki yana da sauran shekara 65 a gaba, takwaransa a ƙasa matalauciya kuwa 13. Ciwo ɗaya, magani ɗaya da aka gano tun 1921, wanda masu shi suka sayar a dala 1. Yau kamfanoni 3 ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya. To wani zai ce, me ya kai mu binciken maganin gobe alhali na jiya bai isa hannun yara ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na ganin mai yin ta ya yi laifi. Akwai shirye-shirye irin su Life for a Child, da aka fara a 2000, masu kai insulin da kayan gwaji ga yara a ƙasashe da dama. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, iyalin nan sun zaɓi bincike, zaɓinsu ne, kuma yana da hujja. Amma bincike ba a ɗakin gwaji kaɗai yake ba. Gano dalilin da ya sa ake makara wajen gane ciwon bincike ne. Gano tsawon lokacin da insulin ke jure zafi inda babu firji bincike ne. Ƙirga yaran da ke da shi a inda ba a taɓa ƙirgawa ba bincike ne, kuma mai araha. Idan kwamiti zai ware wani kaso don irin wannan, ni dai zan yi murna. Na faɗa a gaban jama'a don kada a ce na bi ta bayan gida.

Na ga shugaban kwamiti yana nuna mini agogo. Ashe lacca tana da shi, tanis ne ba shi da shi. Saura alƙalai da masu tsince ƙwallo, ku matso da kunnuwanku.

Gudu da kai-komo yawanci suna sauke suga, amma fargabar gasa tana iya ɗaga shi, don haka yaro ɗaya zai iya yin sama a wasan farko ya yi ƙasa a na biyu. Idan kun ga ɗan wasa yana rawar jiki, gumi mai sanyi, ya rikice da lissafin maki, ko ya fara faɗa ba dalili, kada ku ɗauka rashin kunya ce. A tsayar da wasa a gwada. Idan ya gaza 70 a ma'aunin miligiram, a ba shi giram 15 na suga mai saurin narkewa, ƙwayar gulukos ko lemo mai zaƙi, ba wanda aka cire wa suga ba, a jira minti 15 a sake gwadawa. Idan ya suma, kada a zuba masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a kira mu, muna da allurar gulukagon mai ɗaga suga a teburin likitoci. Duk ɗan wasan da ya ɗaga hannu ya ce zai gwada ko zai yi allura, ya yi a kujerarsa a gaban kowa, ba a cire masa maki, ba a ƙirga masa lokaci. Iyaye kuma, aikinku bai ƙare da tafi ba: suga yana iya faɗuwa cikin dare bayan yini ana wasa, don haka gobe da daddare a gwada kafin barci, a sake dubawa tsakar dare.

Matashin da ya tare ni a ƙofa, an ce mini kai ne za ka buɗe fili na 2 da safe. Ka zo da wuri, Maman marigayi ce za ta jefa kwabon. Na gode, wassalamu alaikum.